Tsagar Baba Dogo a Bayan Tauraruwa

Kakuri, Kaduna

Baban Ladi, maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kana hutawa lafiya. Na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba. Ko na cika bayanta da kan sarki, babu gidan wayar da ya san hanyar inda kake. Amma bakina ƙaiƙayi yake, labarin nan ya cika mini ciki, kuma duk Kakuri babu wanda zai gane daɗinsa kamar kai. Na gaya wa Ladi, ta ce wai na yi ƙoƙari, ta ci gaba da tsifar kanta. Ƙoƙari! Wannan abu ai ya wuce ƙoƙari. Saboda haka gyara zama, yau ni ce mai bayani, kai ne mai saurare.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce na yi maka rowa. Damina biyu ke nan da tafiyarka, muna nan lafiya. Ladi ta gama koyon aikin jinya, tana wani ɗan asibiti a Sabon Tasha, ta iya allura ta iya tsawa, tsawar dai a wurina ta gada. Masaƙarku ta rage ma'aikata, wai babu auduga babu kayan gyaran inji, abokanka da yawa sun koma gona. Jiniyar safe tana nan tana kuka, har yanzu in ta yi sai in ji kamar in taɓa ka in ce tashi ka makara. Sabulu da madara sai an bi layi, soja na tsaye da bulala, ni da ko a coci ban iya bin layi ba yanzu na koyi tsayuwa. Rumfar guntayen atamfa tana ciyar da mu. Gwandar da ka shuka bayan ɗaki ta yi 'ya'ya har ta sunkuya. A zumuntar mata kuma an ba ni tulu, ni ke bugawa yanzu, wadda na gada har yau da ƙyar take amsa gaisuwata.

To, ga maganar. Gwangwanayenka biyu suna nan ƙarƙashin gado inda ka bar su, na mindodin gaske da na jabu. Ka tuna yadda nake maka tsiya? Mazan mutane suna tara bulo da kwanon rufi, nawa mijin yana tara lambobin yabon yaƙin da aka gama tun yana kiwon awaki a ƙauye. Kowace Asabar ka haye gada, ka bi masu baza tsofaffin makullai da kwabbai a tabarma, ka dawo da ƙarfe ɗaya a aljihu kana murna kamar an yi maka haihuwa. Ka zauna a baranda kana ta zuba mini bayani, ni kuwa ina tsince shinkafa ina cewa uhm. Ka ɗauka ba na ji ko? Ashe zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Komai ya shiga, Baban Ladi, ban ma san ya shiga ba sai da ranarsa ta zo.

Ka tuna Baba Dogo, tsohon maigadin ƙofar baya ta masaƙarku, wanda ke zaune a Trikania? Mijin Mama Saratu mai daddawa, wadda rumfarta ke kallon tawa. Kowace shekara ranar tunawa da mazan jiya yana tsayawa a sahun gaba, sahun waɗanda suka je yaƙin Boma, da tauraruwarsa a ƙirji. Ba shi da gida nasa, ba shi da gona a nan, sahun nan shi ne abin da tsohon ya mallaka a duniya. To bana sai Saje Ayuba, shugaban tsofaffin sojojin wannan ƙetaren, ya ta da balli. Da Kirsimeti ya ga wani kwandastan bas yana rawa da tauraruwar Boma a riga, mutumin da ko uwarsa ba a yi wa aure ba lokacin yaƙin. Saje ya rantse bana babu mai shiga sahu sai an duba mindarsa, ko kuwa ya nuna takardar sallama. Takardar Baba Dogo gara ta cinye tun yana ƙauye, waɗanda suka yi kamfanin soja ɗaya da shi kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Da Saje ya juya tauraruwar a hannu sai ya taɓe baki, ya ce wannan ta yi sulɓi da yawa, bai yarda da ita ba. Kafin ka ce kwabo magana ta zaga kasuwa, wai Baba Dogo bai taɓa ganin teku ba, wanke-wanke kawai ya yi a bariki.

Mama Saratu ta same ni a rumfa, ido ya kumbura. Ta ce da kana raye da ba a yi musu wannan cin fuska ba, don kai ake kawo wa irin wannan shari'a, kuma abin da ka faɗa ya zauna. Ta ce tsohon ya daina fita ƙofar gida, wai ma bana ba zai je faretin ba, gwiwa na damunsa. Gwiwar da kwanan nan ya hau rufin ɗaki da ita ya toshe yoyo! Ta roƙe ni in ara mata madubinka ko za ta sami wanda ya iya aiki da shi. Ban san lokacin da bakina ya ce ta kawo ni zan duba ba. Ta dube ni, na dube ta. Na ce mata ai ni da nake bambance atamfa ta gari da mai zuba tun daga nesa, ƙarfe ba zai gagare ni ba. A baki ke nan. A zuciya kuwa ban san ko zan iya ba.

Ranar Asabar da la'asar suka zo, ita a gaba, shi a baya yana jan ƙafa kamar wanda za a kai wurin mai cire haƙori. Na zaunar da shi a kujerarka ta baranda. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur yadda kake yi, na fito da kayan aikinka: ɗan madubin nan mai naɗewa da kuke ƙirga zaren yadi da shi a masaƙa, da ma'aunin da ka haɗa da wayar ƙafar keke da murafun gwangwanin madara, da cokalin shayi, da zare. Na ɗauko tauraruwar Boma guda daga saman gwangwanin na gaske don in riƙa gwadawa da ita. Kai, wani irin daɗi nake ji! Sai a ranar na gane abin da ke sa ka manta da tuwo har ya huce.

Ƙyallen ratayewar ban ma kula shi ba. Mama Saratu tana ta nuna mini, ja a tsakiya, shuɗi a gefe da ratsin ruwan goro, wai komai daidai. Na tuna abin da kake faɗa, ƙyalle riga ne, kowa na iya aron riga, kowane telan bariki yana da irinsa. Na fara da sauti. Na ɗaura taka a zare na ƙwanƙwasa da cokali, ta yi ƙara siririya mai tsawo, har kazar da ke tsakar gida ta ɗaga kai. Na ɗaura tasa na ƙwanƙwasa. Ƙwas. Shi ke nan, ƙarar ta mutu nan take. Na sake. Ƙwas. Gabana ya faɗi, amma na ja wa kaina kunne kada in yi gaggawa, don na tuna ka ce ko ta gaske in ta tsage muryarta na dushewa.

Na ɗora su a ma'auni, taka ta rinjaya. Nan ma na nema masa uzuri. Ka san halin matanmu, duk abin da muke ƙauna sai mun dirje shi. Mama Saratu ta ce kowace Asabar da toka da lemun tsami take goge ta, tare da farantai da tukwane, don kada a ce mijinta ya fita da ƙazanta a ƙirji. Shekara da shekaru ana dirza, ai dole ƙarfe ya rame, dole hular sarki da haruffan su shafe. Saje ya ga sulɓi ya yanke hukunci, ni kuwa na san sulɓi kaɗai ba shaida ba ne. Sai na haɗa su baya da baya, tsini shida a kan tsini shida. Taka ta leƙo ta kowane gefe, kaɗan dai, kamar kaurin farce. Ai ka gaya mini ta gaske da inji ake buga ta yadda ake buga kwabo, duk girmansu ɗaya. Ita kuwa ta zubi, wadda aka danna ta gaske a yashi aka zuba narkakkiyar tagulla a gurbin, in ta huce sai ta tsuke. Toka tana cin fuska, amma ba ta rage tsini shida daidai wa daida.

Saura madubi. Na kanne ido ɗaya na leƙa cikin lungunan haruffa, inda tsumman Mama bai taɓa kaiwa ba. Wayyo, Baban Ladi! Ga ƙananan ramuka nan birjik kamar fuskar masa, ga ƙwayar yashi maƙale cikin ƙarfen, ga sawun magagari a gefe inda aka goge bakin zubi. Jabu ce, babu tantama. Saje Ayuba yana da gaskiya. Na ɗago kai, Mama Saratu ta ƙura mini ido tana jiran in wanke mijinta, shi kuwa yana kallon ƙasa. Me zan ce musu? In yi ƙarya in ce ta gaske ce, da kayan aikinka a hannuna? In faɗi gaskiya in binne tsohon nan da ransa? Don kawai in sami abin yi da hannuna, na juya ta na sa madubi a bayanta.

Ka san bayan tauraruwar Boma fili ne, Turawa ba su rubuta sunan kowa ba. Amma a bayan wannan akwai layuka, uku a kwance, ɗaya ya ratso su a karkace. Na tambayi Baba ko mene ne. Sai ya ɗaga yatsa ya taɓa kuncinsa na dama. Ya ce da aka raba musu a bariki bayan yaƙi duk iri ɗaya ne, in ka ajiye ka je wanka ka dawo ba ka san wacce ce taka ba. Masu boko suka kankara sunayensu, shi kuwa lokacin ko harafi ɗaya bai sani ba, sai ya sami ƙusa ya zana tsagar gidansu, wadda aka yi masa a fuska tun yana goye. Na dubi kuncin. Uku a kwance, ɗaya ya ratso. Na dubi ƙarfen. Sai wani abu ya faɗo mini a rai, na miƙe zumbur har kujera ta kife.

Ka gane ko? Na san ka gane! Ɗaki na faɗa a guje, zani na kwancewa ina riƙe da shi da hannu ɗaya, na zazzage gwangwanin na gaske a kan gado. Ɗaya tauraruwar Boman tana can ƙasa cikin tsohuwar safarka, inda kake ɓoye ta don kada ta gogu da sauran. 'Yar lelenka, mai tsagaggen kunne da ka liƙe da kanka a wurin aiki, wadda kakan zauna kana kallon bayanta kana ta saƙa da warwara. Yau ka ce sojan ya ƙirga kogunan da ya ƙetare ne, gobe ka ce abokansa ne da suka mutu, har ka taɓa cewa ƙila rubutun mutanen Boma ne. Rubutun mutanen Boma! Baban Ladi, fuskar da ke buɗe maka ƙofa kowace safiya ce fa, kana wucewa da kekenka kana gaishe ta. Da kana kusa da na yi maka dariya har sai ka yi fushi ka ƙi cin abinci.

Na kawo ta na ajiye kusa da tasa. Layi kan layi, har inda ƙusar ta zame ta yi ɗan wutsiya a ƙarshen na uku, duk akwai a jikin biyun. Amma a madubi, layukan taka yankan ƙusa ne, masu kaifi, masu zurfi, har bakinsu ya ɗan tashi. Na tasa kuwa dakusassu ne, da yashi a cikinsu, ba yanka su aka yi ba, tare da ƙarfen aka zuba su. Ai ka sha faɗa cewa kowace jabu tana da uwa. To ga 'ya ga uwarta a kan teburina! Na rangaɗa guɗa, ni da rabona da guɗa tun bikin ƙanwarka. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko Ladi ce ta sami miji.

Da na yi musu bayani Mama Saratu ta ɗora hannu a ka. Ta tuna. Shekarar da aka bar fam aka koma naira, garin dirza kunnen tauraruwar ya tsage a hannunta. Tsoro ya kama ta, ba ta gaya wa mijin ba, ta lallaɓa ta kai wa wani maƙerin zubi da ke zama bayan tashar jirgin ƙasa a lokacin. Ya ce ta dawo jibi. Ta koma ya miƙo mata tana walƙiya, kunne lafiya lau, har ta yi ta sa masa albarka. Ashe ɗan banzan ya danna ta a yashi, ya ba ta 'yar, ya sayar da uwar, ta yi ta yawo a tabarmin 'yan gwanjo har ta faɗo aljihunka. Mama ta yi ta kuka tana cewa ita ta jawo wa mijinta zagi. Shi dai ya karɓi ta gaskiyar yana shafa bayanta da babban yatsa.

Nan fa, maigida, zan gaya maka abin da na yi, kuma ba izini nake nema ba, don an riga an yi. Ban manta abin da ka ce a gadon asibiti ba, kada in raba gwangwanin na gaske, kada in sayar ko ɗaya, in ajiye wa jikokinmu. Ban sayar ba. Amma na ba shi. Ka gaya mini, da kai ne a barandar nan kana ganin yatsan tsohon nan a kan tsagarsa, za ka karɓe ka mayar cikin safa? Na san ka sarai. Za ka yi ta ƙunƙuni, ka ce aƙalla a bar maka ita ta kwana, ka zana bayanta a takarda, amma gari na wayewa da kanka za ka hau keke ka kai masa Trikania.

Saura Saje. Ranar taronsu, bayan an tashi sujada, na gyara ɗaurin ɗankwali na zuba kayan aiki a jaka na nufi gindin mangwaron ƙofar gidansa. Tsofaffi sun jeru a benci, wani da sanda, wani sai an yi masa ihu a kunne, ni kaɗai mace in ban da Mama Saratu da ta raɓe a bayana. Saje ya ce ya san mijina, amma bai san ana barin wa mace gadon ido ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce shi ya sa na zo da madubin, ya duba da nasa idon. Na fara da faɗa masa cewa yana da gaskiya, wadda ya gani jabu ce. Da ka ga yadda ya murza gashin baki! Sannan na rataye su na ƙwanƙwasa, na auna, na haɗa baya da baya, na miƙa masa madubi. Ya leƙa ta farko, ya leƙa ta biyu, ya daɗe. Sai ya tashi da kansa, ya ɗauki ta gaskiyar, ya je ya kara ta a kuncin Baba Dogo. Tsofaffin nan suka taso suna turereniya, kowa na son gani. Wani ya ce wannan ai ta fi takardar sallama, tunda gara ba ta cin ta. Saje ya tambayi Baba jirgin ruwan da ya kai su da kogin da suka fi shan wuya a bakinsa, Baba ya amsa a hankali, ashe ma sauron kogi ɗaya ya cije su, wannan a gaba wancan a baya. Haba, tambayar da ya kamata ya yi tun farko ke nan! Saje ya maƙala masa ita a riga da hannunsa, ya ja da baya, ya ƙame ya sara masa.

Ranar fareti na rufe rumfa na haye gada. Da ka ga Baba Dogo a sahun gaba! Gwiwar nan ta warke sarai, ƙafarsa na tashi har ta fi ta kowa, kaki ya sha guga. Na tsaya cikin taro ina ta nuna shi ga mutanen da ban sani ba, ina gaya musu su dubi dogon can, tauraruwarsa a ƙarƙashin gadona ta yi shekaru. Tun daga ranar kuwa ban huta ba. Tsofaffi suna ta zuwa rumfa da mindodi ƙulle a hankici, har an fara ce mini Maman Minda. Kwanan nan na kama wata jabu mai wayo, an shafa mata baƙin mai don ta yi kama da tsohuwa, da ka gani da ka tafa mini.

Amma ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya Baba Dogo ya zo gida shi kaɗai, da kaza a hammata. Na ce ya bar mini jabun in sa ta a gwangwanin 'yan uwanta, ya ce a'a, wannan ba ya rabuwa da ita, hannun Saratu ya daɗe a kanta. Sannan ya leƙa ƙofa, ya rage murya. Ya ce tun ranar da aka dawo da ita daga wurin maƙerin ya sani. Da can in ya shafa bayanta tsagar tana kama masa yatsa, ranar nan ya shafa ya ji yatsa ya wuce sumul. Ya ɗago ya ga matarsa tana satar kallonsa, tsoro fal idonta, sai ya ce mata yau tauraruwar nan ta yi kyau ƙwarai. Shi ya sa, in ji shi, duk sanda ka tsaya a ƙofar masaƙa ka roƙe shi ya kawo maka ka gani, sai ya ce maka gobe. Shi ya sa da Saje ya ƙi ta bai yi musu ba. Ya gwammace ya bar sahu, a ce masa mai wanke-wanke, da a riƙa nuna matarsa a kasuwa ana cewa ga wadda ta kai mindar mijinta aka cuce ta. Ya roƙe ni kada Saratu ta ji ya sani, don in ta gane ya ɗauki wannan kaya shekara da shekaru saboda ita, ba za ta yafe wa kanta ba. Na yi masa alkawari. Kai kaɗai na gaya wa, kai kuwa na san ba za ka kai kasuwa ba.

Bayan ya tafi na zauna a baranda, kazar na ta kuka a ɗaure, na kasa tashi. Sai na shiga tunanin abin da kai ma ka gani ka yi shiru. Shekarun nan da muka yi tare, sau nawa ka shafa ka ji ba daidai ba, ka dube ni ka ce ya yi kyau? Ban taɓa tambayarka ba, ban kuma taɓa gode maka ba, bakina ya fi sabawa da tsiya. To yau zan faɗa, har in kama sunanka, abin da ban taɓa yi ba kana raye. Na gode, Ishaya. Ina kewarka har cikin ƙashina.

Ka huta lafiya a wurin Ubangiji, sai mun sadu.

Taka har kullum,
Rifkatu, Maman Ladi